Ranar da Alkasum Ya Riƙe Eriya

Motar da ta ɗauko mu daga Agadas ta mutu ne a wani fili da ba shi da suna, tsakanin azahar da la'asar. Ina zaune a saman buhunan albasa, na rungume akwatin kayan aikina kamar yadda na rungume shi tun daga Gumel. Ni mai gyaran rediyo ne. Wani ya ce mini a Arlit kuɗi a ƙasa suke, ma'aikatan haƙar yuraniyom kowa da rediyonsa da kaset, wasu har da talabijin, kuma babu mai gyara. Mutumin bai yi mini ƙarya ba, labarinsa ne kawai ya tsufa da shekara goma.

Direbanmu ya tari wata mota ya koma Agadas neman ƙarfen da ya karye, ya ce yanzu zai dawo. Wannan "yanzu" ta kai mu kwana biyu. Ruwan jarka ya ƙare, muka shiga ƙarƙashin mota muka kwanta, kowa ya daina magana don magana ma ƙishirwa take kawowa. Ban taɓa ganin ƙasa haka ba, ko tsinke babu, balle inuwa. Na yi ta tuna rijiyar ƙofar gidanmu da nake raina ruwanta don yana da gishiri-gishiri.

A rana ta biyu wata babbar mota ta tsaya. Direbanta ya sauko, dogon Ba'abzine, ya ja amawali har hanci, idanunsa kaɗai ake gani. Bai tambayi kowa komai ba, ya kwance salkar ruwa daga jikin mota ya fara ba mata da tsofaffi, sannan mu. Da ya ga akwatina ya tambayi abin da ke ciki, na faɗa masa.

"Rediyo na mota ya mutu wata uku," ya ce. "Zo ka zauna gaba."

Waya ɗaya ce ta tsinke a bayansa. Kafin mu yi nisa kiɗa ya cika motar. Bai ce mini sannu ba, amma na ga gefen idanunsa ya tattare, na gane dariya yake yi a cikin rawani. Sunansa Alkasum. Duk abin da zan faɗa a nan labarinsa ne, da yadda na kusa zubar da abotarsa da hannuna.

Ya sauke ni a tashar Arlit ya wuce sauke kaya. Ko minti talatin ban yi ba wani mutum mai tsaf-tsaf, da biro a aljihun gaba, ya zo ya karɓi akwatina yana mini maraba kamar ɗan ƙanwarsa. Ya ce ya san babban mai ɗaukar ma'aikata na kamfanin yuraniyom, suna neman mai gyara ido rufe, in kawo takarduna na shiga ƙasa da hoto ya kai a buga hatimi. Na ba shi, har ina gode wa Allah da ya haɗa ni da mutumin kirki. Akwatin dai ya bar mini, watakila ya yi masa nauyi. Takardun kuwa har yau suna wajen buga hatimi.

Kwana uku ina kwana a rumfar masallacin tasha. A rana ta huɗu Alkasum ya zo wucewa ya gan ni, ya tsaya ya ji abin da ya faru. Bai ce mini wawa ba, ko da yake na cancanta. Ya ɗauki akwatina ya saɓa a kafaɗa ya yi gaba, na bi shi. Gidansa na unguwar da ake ce wa Bukkoki, can gefen gari inda wutar kamfani ba ta kai ba. Ɗakin laka ɗaya ne mai rufin soro, da bukkar tabarmi ta matarsa Gaishita a tsakar gida, da wata 'yar rumfa a bakin ƙofa. Rumfar nan ya ba ni.

Wata takwas na yi ina ci daga tukunyar Gaishita. Na koyi cin cuku, na koyi gurasar da suke gasawa cikin rairayi, na koyi cewa in an fara shayi ba a tashi sai an sha na uku. Amma kewar gida ba ta jin shayi. Wata rana na yi suɓutar baki na ce rabona da tuwon dawa da miyar kuka har na manta ɗanɗanonsu. Washegari Gaishita ta je wajen wata maƙwabciya 'yar Maraɗi ta tambayo yadda ake yi. Tuwon ya fito da gudaji, miyar kuma tsululu, ba daddawa. Na cinye tas na suɗe kwanon, ina ci hawaye na zuba, ita kuwa tana leƙe daga bukka tana tsammanin yaji ne ya yi yawa.

Alkasum ne ya yi mini talla. Duk inda ya je da mota sai ya dawo da matattun rediyoyi na danginsa, na Dannat, na lambunan Abzin, wasu an ɗaure su da zare, wasu rairayi ya cika cikinsu. Da haka na samu na kama shago a bayan kasuwa. Gaban shagon ya zama fada, wato majalisar shan shayi. Shugabanta Malam Sanda, mutumin Tawa, tsohon mai dafa wa Turawan kamfani abinci, wanda aka sallama ya koma sayar da goro. Bakinsa ba ya hutawa. Shi ya laƙaba mini suna Ɗan Ingila, don ni ɗan Najeriya ne, ƙasar da Ingila ta mulka, ni kuma na rama da ƙwallo. Kullum sai na tuna musu cewa ƙungiyar ƙasarsu ko kaji aka sako mata a fili sai an ci ta. Malam Sanda ya kan ce, "Bari, Ɗan Ingila, ranarmu na nan tahe." Mukan yi dariya har shi, don shi ma bai yarda da maganar ba.

Shekarun farko nan su ne nake kewa. Ba mu da komai, amma a tabarma ɗaya za ka ga Bahaushe da Ba'abzine da Bafillace da Babarbare, kofi ɗaya na zagayawa, kowa na yi wa Hausar wani dariya.

Sai abubuwa suka fara lalacewa, ɗaya na bin ɗaya. Farashin yuraniyom ya faɗi a ƙasashen Turawa, kamfani ya yi ta sallamar mutane. Masu kawo mini gyara suka riƙa barin garin ba su dawo karɓa ba, shagona ya cika da kayan mutanen da ba zan ƙara gani ba. Damina ta ƙi, makiyaya suka gangaro daga daji ba dabba ko ɗaya, suka kafa tsummokara a bayan Bukkoki. Daga nan aka fara jin harbi a duwatsu. Hanyar Agadas ta koma sai da rakiyar sojoji, aka fara kama mutane a kasuwa a tafi da su tambaya, wasu su dawo, wasu a daɗe. Mai motar Alkasum ya ce a ajiye ta tukuna, don ba a son direba mai amawali a cikin ayari. Ƙanensa kuma ya ɓace, aka ce ya hau dutse, wato ya bi 'yan tawaye.

Fada ta canja. In Alkasum ya doso, hira ta kan mutu, a koma zancen zafi. Ba wanda ya ƙi shi, tsoro ne kawai, kowa na gudun a ce an gan shi da yayan ɗan tawaye. Ni kuwa nawa tsoron ninki biyu ne, baƙo ne ni kuma ba ni da takarda. Na kwashe tabarmata daga rumfarsa na koma kwana a shago, na ce masa saboda ɓarayi ne. Ya ce haka ne, ɓarayi sun yi yawa. Na fara gaishe shi daga nesa da ɗaga hannu. Wannan abin na yi shi, ba zan ɓoye ba.

Ana cikin haka Gaishita ta haihu. 'Ya'ya biyu suka binne kafin wannan, don haka ba ƙaramar haihuwa ba ce. Alkasum ya zo fada da kansa, ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana ba mu dabino.

"Matana ya sauka, namiji. Suna ranar Lahadi da safe. Ina son ku zo duka."

Muka ce Allah ya raya, in sha Allahu za mu zo. Mun san rago ɗaya tak ya rage masa daga dukan garken mahaifinsa, wanda ya raya da dusa da ɓawon kwali. Mun kuma ji Gaishita ta sayar da awarwaronta na azurfa aka sayi buhun shinkafa. A garin da kowa baƙo ne, taron suna shi ke nuna ko mutum yana da mutane. Alkasum so yake a gani cewa gidansa bai zama abin gudu ba.

Ranar Lahadi na yi wanka, na sa kaftanina na Juma'a, na kama hanya. Da na kai kwanar layinsu sai na hango motar sojoji a tsaye can ƙarshen layi. Daga baya na ji ruwa suka tsaya ɗiba a famfo. Amma ni a lokacin ƙafafuna ba su jira bayani ba, suka juya da ni. Na buɗe shago na zauna ina kwance rediyon da babu abin da ya same shi. Can sai ga Malam Sanda da babbar riga, ya zauna. Sai ga sauran 'yan fada, tela da mai nama, kowa da kayan fita, kowa na kallon ƙasa. Ba wanda ya tambayi wani daga ina yake.

Bayan azahar muka hango Alkasum tafe da babban kwano rufe da faifai. Ya yi sallama, ya ajiye shi a tsakiyar tabarma, ya buɗe. Shinkafa ce da naman rago, har da hanta a sama.

"Ga abincin suna," ya ce. "Tukunya huɗu aka dafa. Mutum bakwai ya zo, har liman da wanzami. Na ce kada ya lalace."

Ya juya ya tafi. Da zagina ya yi da na fi jin sauƙi. Kwanon ya zauna a gabanmu yana tururi, duk da yunwar da ake ciki ba wanda ya iya miƙa hannu.

To a ranar nan ce kuma ƙungiyar ƙasar za ta kara a Yamai da wata babbar ƙasa da ta saba ɗaukar kofi, kuma za a nuna a talabijin da la'asar. Mun yi sati biyu muna shiri. Ina da wata 'yar talabijin baƙi-da-fari da wani ma'aikaci ya bari ya koma garinsu, na gyara ta. Tun da ba wuta a shago, batirin mota za mu sa mata, kuma batirin da muka ɗora ranmu a kai tun farko na motar Alkasum ne. Malam Sanda ya yi gyaran murya, ya tambaya a hankali wa zai je ya amso batirin. Ba wanda ya tashi.

Ni ba jarumi ba ne, kunya ce ta tashe ni. Na kwance eriya daga jikin shago, na saɓa dogon sandanta a kafaɗa, na yi gammo na ɗora talabijin a ka. Na ce musu yau ƙwallo a gidan Alkasum za a gan ta, mai son kallo ya san hanya. Ban bi ta lungu ba. Ta tsakiyar kasuwa na ratsa, a hankali, duk wanda ya tambaye ni ina zuwa na faɗa masa da ƙarfi. Na san mutanen Arlit. Talabijin mai aiki a wajen gidajen kamfani ba ta fi a ƙirga da yatsu ba. Kafin na kai Bukkoki na waiwaya, sai na ga jama'a a bayana kamar masu rakiyar amarya, Malam Sanda a gaba ɗauke da kwanon shinkafar nan, yana ta faɗa wa mutane wai shi dama can yana da niyyar zuwa.

Alkasum na zaune a rumfata ta dā shi da wasu tsofaffin makiyaya uku. Ya dube ni, ya dubi abin da ke kaina, ya dubi mutanen. Ya tashi ya shiga ya fito da tabarmi, sannan ya je ya kwanto batiri.

Nan matsala ta fito. Gidan a kwari yake, bayan wani tudun tarkace. Na kafa eriya a jikin katanga, allo ya cika da yayyafi, sai murya kawai. Na gwada nan, na gwada can. Sai da aka hau rufin soro aka ɗaga sandan sama aka fuskantar da shi wani gefe sannan hoto ya fito, kuma da an saki iska ta juya shi. Dole sai mutum ya tsaya ya riƙe. Na tattare kaftani zan hau, Alkasum ya riƙe ni.

"Kai ka tsare akwati. Ni ban san ƙwallo ba. Baƙi su gani."

Ya hau. Direban hamada ne, sau ɗaya na nuna masa gefen, bai ƙara kuskurewa ba. Hoto ya tsaya cak.

Ban taɓa ganin wasa irin wannan ba, ko da yake in gaskiya za a faɗa ba wasa ne mai kyau ba. Baƙin nan manya ne, ƙwallo na manne a ƙafarsu. Namu kuwa sirara, rigunan sun yi musu yawa, gudu kawai suke yi suna tare hanya da duk abin da Allah ya ba su. Na ce namu, kuma haka na ji bakina na faɗa a ranar, ni da na shekara uku ina musu ba'a. Mai tsaron gidanmu wani dogo ne, ya yi ta tashi sama yana kaɗe ƙwallo, har Malam Sanda ya rantse yaron ɗan Tawa ne, don a cewarsa ba inda ake haihuwar irin wannan sai can. Tela ya ce ƙarya ne, ɗan Damagaram ne. Tsakar gida ta cika, katanga ta cika, mata sun jeru a bakin bukka, tsofaffin makiyayan nan sun matso gaba suna tambayar me ya sa ba za a ba kowa tasa ƙwallon a huta ba.

Aka tafi hutu ba a ci mu ba. Kafin mutane su gama musu sai ga faranta na fitowa daga wajen mata. Ba wanda ya yi jawabi, ba wanda ya nemi gafara, hannuwa kawai suka shiga. Na ga mutumin da ya tsallake titi jiya don kada ya gaisa da mai gidan yana tsotsar ƙashin ragonsa. Na miƙa wa Alkasum ruwa a saman soro, na ce ya sauko ya huta in karɓe shi. Ya ce a'a, daga nan yana ganin kowa.

An dawo da kamar minti goma muka ji tsayuwar mota. Sojoji biyar suka shigo da sarjan ɗinsu, wani baƙi kakkaura. Biyu suka ɗaga bindiga suka saita rufin soro. Sai a lokacin na ga abin da su suka gani daga titi: Ba'abzine da amawali, yayan ɗan tawaye, tsaye a kan rufi da dogon sanda mai ƙarafa, ya fuskanci duwatsu. A shekarun nan an kama mutane a kan abin da bai kai wannan ba. Sarjan ya daka masa tsawa ya sauko. Alkasum ya kwantar da sandan a hankali, ya sauko hannuwansa a buɗe. Allo ya koma yayyafi. Sarjan ya tambaye shi da wa yake magana a dutse. Na ga wasu na zamewa ta bayan katanga.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce ranka ya daɗe, eriyar tawa ce, talabijin tawa ce, ni na kawo, ni na nuna masa inda zai fuskanta. Wannan gidan suna ne, ƙwallo muke kallo. Ya juyo ya ƙare mini kallo, ya ji Hausata, ya ce in ba shi takarduna. Na ce ba ni da su. Ya tambayi me ya haɗa ɗan Najeriya marar takarda da wannan mutumin.

"Shi ya ba ni ruwa a hanya," na ce. "Wata takwas na yi ina cin abincin gidan nan, a rumfar can nake kwana. In da abin da yake yi da dutse, da ni na fara sani."

Sai Malam Sanda ya tashi yana gyara riga.

"Sarjan, wanga mutum maƙwabcinmu ne. Mu munka ƙi zuwa sunan ɗansa da sahe don tsoro, shi ya kai muna abinci har inda muke. In za ku tahi da shi, ku tahi da mu duka, amma don Allah ku bari a ƙare wasa."

Wasu suka yi dariyar da ba ta fita sosai ba. A daidai nan muryar mai sharhi ta tashi daga cikin yayyafin allo, yana ihu cewa alƙalin wasa ya ba baƙi bugun daga kai sai mai tsaron gida. Sarjan ya juya ya kalli talabijin. Ashe su ma a rediyon mota suke bi. Ya ce wa wani ƙaramin soja ya hau ya ɗaga sandan a gani in gaskiya ne. Sojan ya hau ya ɗaga, ya juya gabas, ya juya yamma, hoto ya zo ya tafi, kawunan 'yan wasa a ƙasa ƙafafu a sama. Mutane suka fara yi masa ihu, wannan ya ce dama, wancan ya ce hagu, sun manta da bindigar da ke rataye a kafaɗarsa. Sarjan ya yi tsaki, ya dubi Alkasum, ya nuna masa soro da haɓa.

Alkasum ya hau ya karɓi sandan, hoto ya tsaya. Muka ga ɗan wasansu ya ja da baya, ya sheƙo, ya buga. Dogon nan namu ya faɗi gefen hagu da ƙwallo a ƙirji. Abin da ya biyo baya ba zan iya tsara shi ba. Na dai san na tsinci kaina rungume da wani soja, hularsa a ƙasa, Malam Sanda kuma na rawa da babbar riga yana kiran sunan garinsu. Sojojin suka zauna a bakin tabarma, bindigogi a cinya, aka kawo musu faranti suka ci.

Aka tashi ba wanda ya ci wani. Ɗaya daga cikin tsofaffin makiyayan ya tambayi wa ya yi nasara, aka ce babu. Ya ce to murnar ta mece ce. Malam Sanda ya ce masa, "Baba, mu kullum cinmu akai. Yau ba a ci mu ba."

Da sojojin za su tafi sarjan ya ja ni gefe. Ya ce yau bai gan ni ba, amma in ya sake ganina bayan wata ɗaya ba takarda, zai gan ni. Mutumin kirki ne, kuma mai cika magana. Sati uku bayan nan na bi ayarin motoci na bar Arlit, ban ƙara komawa ba. Na yi ta aika wa Alkasum da iyalinsa saƙo ta bakin direbobi, wani ya ce sun koma wajen Dannat, wani ya ce sun tsallaka Aljeriya. Har yau in ƙungiyar nan na wasa nakan rufe shago in zauna, 'ya'yana na mini dariya wai Baba na goyon bayan waɗanda ba sa ci.

Amma a ranar, da rana ta yi ja mutane suka fara watsewa, kowa sai ya tsaya ya ba mai gida hannu ya ce Allah ya raya. Alkasum na tsaye a bakin ƙofa, kafaɗunsa sun sage har hannun ma da ƙyar yake ɗagawa. Bai ga ko bugu ɗaya na wasan ba, bai kuma tambaya ba. Ya leƙa wajen mata ya yi magana da yarensu, Gaishita ta amsa tana dariya, ta kifa masa tukunya ya gani, ko ƙanzo ba a bari ba. Ya gyaɗa kai.

Ina naɗe waya ya ce in bari, in zo. Ya shiga bukka ya fito da jaririn a cikin zane, an yi masa aski, kan na sheƙi. Ya ɗora mini shi a hannu. Na fara haɗa maganar da na shirya tun azahar ta neman gafara, ya ce in bar wannan. Sai a lokacin na tuna har yanzu ban san sunan yaron ba, na tambaya.

"Haruna," ya ce. "Sunanka na sa masa. Tun ranar da aka haife shi na faɗa wa uwarsa."

Na kasa ɗaga kai. Ya gyara wa yaron zane a hannuna, ya ƙara da cewa, ba da faɗa ba:

"Liman ya faɗi sunan sau uku. Duk sau ukun ina duba ƙofa."